Ƙaura da Iyali Zuwa Jidda: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini Kan Makarantar Yara da Zaman Unguwa

A farkon 2017 muka sauka Jidda, ni da yara uku, muka tarar da maigidana wanda ya riga mu zuwa da wata tara yana aiki a wani asibiti mai zaman kansa. Autarmu a nan aka haife ta. Tun daga lokacin, duk matar da mijinta ya samu aiki a Saudiyya, ta Kano ce ko ta Zariya ko ta Maraɗi, sai wani ya ba ta lambata ya ce ta kira ni. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, har bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na tattara su wuri guda. Zaman Jidda nake bayarwa labari. Wadda za ta Riyad ko Dammam za ta ga bambanci a yanayi da halin mutane, amma maganar takardu duk ɗaya ce.

Maigidana ya samu aiki. Mu bi shi nan take ko mu dakata?

Ki dakata har igamarsa ta fito, ya kuma nema muku bizar zama ta iyali. Igama ita ce katin zama, kuma a ƙasar nan ita ce komai: da ita ake buɗe asusun banki, a sayi layin waya, a kama haya, a sa yaro makaranta. Akwai bizar ziyarar iyali, wadda ta fi saurin fitowa, kuma mutane da yawa kan ruɗu da ita saboda ɗoki. Ziyara ziyara ce. Yaron da ya shigo da ita zai sha wahalar samun rajista a makaranta, don lambar igama ake fara tambaya. Na ga wadda ta cire 'ya'yanta daga makaranta a Kaduna ana tsakiyar zango, ta zo da bizar ziyara, yaran suka yi wata biyar a falo suna kallon talabijin, daga baya aka koma gida aka sake sabon lale.

Ba kowace sana'a da aka rubuta a igama ce ke ba mutum damar ɗauko iyali ba. Ya tambaya tun kafin ya sa hannu a kwantiragi.

Da gaske ne ana biyan kuɗi a kan kowane yaro?

Da gaske ne. Muna zuwa da 'yan watanni aka fara, a watan Yulin 2017, riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar ma'aikaci. Aka mai da shi 200 a 2018, 300 a 2019, sannan 400 daga Yulin 2020. Mu biyar ne a ƙarƙashin maigidana, wato riyal 2,000 a wata, 24,000 a shekara, tun ba a yi maganar haya ko kuɗin makaranta ko cefane ba. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a dala ɗaya, don haka lissafin ba ya rawa. Ga kuma harajin kaya da ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 a 2020.

Albashi yana da girma idan an juya shi zuwa naira ko sefa, a nan ne ido yake rufewa. Ku zauna da biro da takarda ku yi lissafin da riyal. Wasu wuraren aikin suna ɗaukar nauyin kuɗin makarantar yara biyu ko uku, wasu ko sisi. Gidaje da dama da muka sani sun mai da iyali gida a 2019 da 2020 saboda wannan kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba.

Waɗanne takardu zan taho da su daga makarantar yara?

Sakamakon kowace shekara da yaron ya yi, ba na ƙarshe kaɗai ba, da takardar canjin makaranta, da takardar haihuwa, da katin rigakafi. A kai na makarantar a buga musu hatimi a ma'aikatar ilimi, da ma'aikatar harkokin waje a Abuja, da ofishin jakadancin Saudiyya. A nan kuma a fassara su zuwa Larabci a wurin mai fassara mai lasisi, sannan hukumar ilimi ta daidaita ajin, abin da suke kira mu'adala.

Abin da ya ba ni wuya shi ne suna. A fasfo an rubuta sunan babban ɗana Muhammad, a sakamakon makaranta Mohammed, a katin rigakafi kuma sunan da kakarsa take kiran sa da shi. Ma'aikacin ya jera takardun uku a kan tebur, ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗaga yatsu uku ya ce yara uku ne waɗannan. Sai da muka aika gida aka gyara, mako shida yaron yana zaune. Ki duba kowane harafi tun kina gida, inda ƙaninki zai iya hawa babur ya je makarantar a gyara a wuni ɗaya.

Makarantar gwamnati ko ta kuɗi?

A nan gizo yake saƙa, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba. Kafin ki zaɓi makaranta, ku fara amsa wa kanku wannan: a ina yaron nan zai yi jami'a, a ina zai nemi aiki? Baƙo a Saudiyya baƙo ne ko ya shekara talatin. Ranar da aiki ya ƙare, zama ya ƙare. Saboda haka makarantar da za ki zaɓa ita ce hanyar da yaro zai bi ya koma gida, ko ya wuce wata ƙasa.

Makarantar gwamnati kyauta ce, har littattafai. Da Larabci ake koyar da komai: shekara 6 a ibtida'i (firamare), 3 a mutawassiɗ (ƙaramar sakandare), 3 a sanawi (babbar sakandare). Ana rajista ta manhajar Noor, kuma 'yan ƙasa ake fara ba wa gurbi, baƙi su samu abin da ya rage, wani lokaci a makarantar da ke nesa da unguwarsu. Maza daban, mata daban, sai dai tun 2019 akwai makarantun da malamai mata suke koyar da ƙananan yara maza a azuzuwan farko. Yaron da ya shiga nan yana ɗan shekara 6 zai fito da Larabcin da ba za ki bambanta shi da ɗan gari ba, ga Alƙur'ani da tauhidi da fiƙihu. Amma Turancinsa zai yi rauni idan aka gwada shi da takwaransa na Najeriya, ɗan Nijar kuwa Faransanci zai wuce shi gaba ɗaya.

Makarantun ƙasashen waje suna bin manhajar Ingila ko Amurka, ko ta ƙasar da ta kafa su. Indiyawa da 'yan Pakistan suna da manyan makarantunsu a Jidda, 'yan Najeriya ma suna da tasu. Duk an wajabta musu koyar da Larabci da tarihin Saudiyya, amma Larabcin aji ne, ba ya kai yaro ga yin ciniki a kanti. Kuɗinsu hawa-hawa ne, daga wanda ma'aikaci zai iya har wanda sai kamfani ya tsaya maka.

Mu raba ƙafa muka yi. Babban ya zo yana ɗan shekara 11, muka sa shi a ta Turanci, don jefa yaro mai wannan shekarun cikin lissafi da kimiyya da harshen da bai sani ba zalunci ne. Biyun da ke bin sa suka shiga ta gwamnati, muka riƙa yi musu Turanci a gida da yamma. Da suka gama ibtida'i muka mai da su ta Turanci. Sun sha wuya shekara guda, amma yanzu suna da harsunan biyu. Da zan sake, haka zan sake yi. Wata ƙawata tana ganin wahalar da yara ce kawai, kuma nata 'ya'yan ma sun yi kyau.

Yarinyata ko kalma ɗaya ba ta ji. Ba za ta wahala ba?

Za ta wahala, na ɗan lokaci. 'Yata ta shiga aji ɗaya ba ta san komai ba sai Fatiha da ƙananan surori. Makon farko kullum ta dawo da riyal biyun da nake ba ta a dunƙule a hannu, har gumi ya jiƙa su, don ba ta san yadda za ta ce a ba ta abu a kantin makaranta ba, wanda suke kira maƙsaf. Ta tsaya a layi, in an zo kanta sai ta juya. Ran Alhamis ta ce mini ita ba za ta koma ba, malamar sunanta Abla, kuma duk malaman makarantar sunansu Abla. Na yi dariya har da hawaye, daga baya na shiga ɗaki na yi na gaske. Abla ba suna ba ne, haka yara suke kiran malama mace a nan.

Na rubuta mata kalmomi biyar a bayan littafinta: abga, wato ina so; moya, ruwa; hammam, banɗaki; ma fahimt, ban gane ba; da shukran. Kafin wata huɗu ita ce take yi mini tafinta a wurin mai kanti, tana gyara mini baki a gaban mutane.

Ni na yi Islamiyya har na sauke littattafai. Ai zan iya magana da su ko?

Za su gane ki, su yi murmushi, su ce kina magana kamar mai karanta labarai. Ke ce ba za ki gane su ba. Mutanen Hijaz, yankin da Jidda take, in za su ce yanzu ba sa cewa al'ana, dahin suke cewa. Ina ne, fen. Mene ne, esh. Karatunki zai yi miki rana wurin cike takardu da karanta saƙon makaranta, na titi kuwa sai kin zubar da kunya kin koya a bakin yara.

Yaya ranakun makaranta suke?

Lahadi zuwa Alhamis. Juma'a da Asabar ne hutu, tun 2013 da aka sauya daga Alhamis da Juma'a. Kafin bakwai na safe an yi layi, wajen azahar an tashi. A watan azumi ana jinkirta shiga. Shekarar karatu tana farawa wajen ƙarshen Agusta. An koma zango uku a 2021, sannan a 2025 aka dawo zango biyu. Jidda ba ta da yawan ruwan sama, amma in ya zo yana zuwa da ƙarfi, kuma tun ambaliyar Nuwambar 2009 ba a wasa da shi: da dare za ki ga sanarwa cewa gobe karatu a gida ne ta manhajar Madrasati. Ki tanadi kwamfuta ko babbar waya, kada yara uku su yi ta kokawa a kan taki.

Akwai ranar 23 ga Satumba, ranar ƙasa, da 22 ga Fabrairu, ranar kafuwar daula. Za a ce yara su zo da koren kaya ko kayan gargajiya. Ki saya da wuri.

Ana tsokanar yaranmu saboda launin fata?

Wannan ita ce tambayar da ake yi mini da ƙaramar murya, bayan an gama sauran. Yana faruwa. Ba kullum ba, ba kowa ba, amma ƙarya ne in ce babu. Ɗana na biyu ya dawo wata rana da aljihun farar rigarsa a yage, ya ƙi cin abinci. Da ƙyar ya ce wani yaro ne ya kira shi takaruni, sunan da ake tsokanar baƙaƙen Afirka ta Yamma da shi, a filin ƙwallo, sauran suka yi dariya. Babansa ya je washegari, ba da faɗa ba, ya nemi ganin malamin da ke kula da tarbiyyar ɗalibai. Aka kira uban yaron. Mutumin ya zo ya sumbaci ɗana a ka, ya sa nasa ya ba shi haƙuri. A wata makarantar kuma, da irin haka ta faru da 'yar maƙwabciyata, cewa aka yi wasan yara ne, aka share. Duka biyun na gani da idona.

Abin da ya fi taimakon ɗana shi ne da ya gano baƙar fata ba baƙon abu ba ce a Hijaz. A ajinsa akwai masu sunan Hausawi da Barnawi da Fallata, 'yan ƙasa ne cikakku, jikokin alhazan da suka taso a ƙasa ta Chadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, wasu bayan shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri. Wasu kakannin nasu sun yi hijira ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Kyaftin ɗin 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, Usama Hausawi, haifaffen Makka ne. Ɗana ya liƙa hotonsa a bangon ɗaki, har yau bai cire ba.

To ai akwai Hausawa da yawa, ba zan yi kewa ba ke nan?

Akwai su, amma kashi-kashi ne, kuma kowane kashi da rayuwarsa. Akwai waɗancan 'yan ƙasa, da yawansu Hausar ta tsaya a bakin kakanni, kada ki tare mutum da Hausa don kin ga sunansa, wani ba ya so. Akwai ma'aikata irinmu da ɗaliban jami'o'i. Akwai 'yan kasuwa masu zuwa su koma. Sannan akwai waɗanda suka zo Umra ko Hajji suka zauna ba takarda, da 'ya'yan da aka haifa musu a nan, su ne aka fi nufi in an ce takari. Cikinsu na samu mutanen kirki da suka tsaya mini lokacin haihuwa kamar 'yan'uwa na jini. Sai dai ki sani doka ta hana ɗaukar marar igama aiki ko ba shi masauki, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga tara da kora. Kowa zai ce miki ai kowa yana yi. Igamar mijinki ce a kan layi, ba tasu ba.

Wace unguwa za mu zauna?

Kusa da makarantar yara, ko da mijinki zai yi nisa da wurin aiki. Jidda doguwa ce daga kudu zuwa arewa, kuma cunkoson safe ba ya da tausayi. Kudu ta fi araha kuma ta fi Hausawa, arewa ta fi tsada. Ku tabbatar an yi rajistar hayar a manhajar Ejar, kuma ku tambayi mai gadin gidan yadda ruwa yake zuwa.

An ce maƙwabta ba sa shiga gidan juna.

Wannan ya fi komai yi mini ciwo a shekarar farko. Na tashi a gidan da ba a rufe ƙofa, maƙwabciya ta shigo ɗibar wuta ta zauna har la'asar. A nan kowa da ƙofarsa a kulle, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani, sai ki yi wata ba ki ga fuskar matar da kuke bango ɗaya ba. Ba ƙiyayya ba ce, haka zaman yake, ba a zuwa gidan mutum sai an yi waya.

Azumi ne ya buɗe mini ƙofa. Na soya ƙosai na dama kunun gyaɗa, na ba ɗana ya kai gidan da ke kallon namu kafin magariba. Farantin ya dawo washegari da sambusa da miyar shurba, don a nan ba a mai da faranti wayam. Haka farantin nan ya yi ta kai da kawo har Salla, ranar Salla matar ta ƙwanƙwasa da kanta. Yau ita nake bar wa makullina in za mu gida. Wuri na biyu shi ne ajin haddar Alƙur'ani na mata da ake yi a unguwanni bayan la'asar, kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yara maza kuma suna da halƙa, wato zaman karatun Alƙur'ani, a masallaci, a can ɗana ya yi abokan da bai samu a makaranta ba.

Zan iya tuƙa mota? Zan iya aiki?

Tuƙi, ƙwarai, tun watan Yunin 2018, in kin yi lasisin nan. Aiki kuwa, igamar mai rakiya ba ta aiki ba ce, sai an nema miki izini ta hanyar wurin da zai ɗauke ki.

Abincinmu fa?

Ba za ki rasa ba. A Sharar Mansur da ke Makka akwai daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, a Jidda ma in kin shiga kudu ko wajen Bab Makka za ki samu. Tsire har ya zama abincin Makkawa, siriya suke ce masa. Yaranki dai soyayyar kazar gidan abinci na Albaik za su sa ki gaba da ita, da tamis da ful, wato gurasa da wake, na karin safe. In za ki taho, ki ɗauko yajinki da kanki, ki ɗaure kayanki da hannunki. Kada ki karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya ce maganin tsohuwarsa ne. Hukuncin shigo da ƙwaya a ƙasar nan yana kaiwa ga kisa.

Yara ba za su manta Hausa ba?

Za su manta in kin bari, kuma ba za ki ankara ba. Autata tana shekara huɗu surukata ta kira a waya tana ce mata, "Kishiyata, yaushe za ki zo ki karɓi mijinki?" Yarinyar ta yi zuru, ta miƙo mini wayar ta ce da Larabci ba ta gane ba. Hajiya ba ta ce komai ba, sai da muka zo sallama ta ce, "'Yar nan, ki riƙe mini yaran nan da kyau." Na san abin da take nufi. Daga ranar muka kafa doka: daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa kawai, wanda ya tambayi abu da wani harshe ba a ji ba. Sun yi ta ƙunƙuni, har da yajin magana na kwana biyu. Ki koya musu gaisuwa musamman, da durƙusawa, da sanin wa ake ce wa Kawu wa ake ce wa Baffa, don a nan ne ake gane yaron da ya tashi a waje tun kafin ya zauna.

Za mu riƙa zuwa Harami duk lokacin da muka so?

Makka ba ta fi kilomita 80 daga Jidda ba, ga jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, yana zuwa Makka da Madina. Umra cikin sauƙi, a yi rajista a manhajar Nusuk. Hajji kuwa sai da izini na musamman ko kina da igama, kuma ana tsananta bincike. Ki shirya wa baƙi kuma: duk ɗan garinku da ya zo Umra ya san kina Jidda.

Yaron da aka haifa a nan ɗan ƙasa ne?

A'a. Ƙasar ubansa ita ce ƙasarsa. Ku yi masa takardar haihuwa, ku yi fasfo a ƙaramin ofishin jakadanci, ku sa shi a igama da wuri, jinkiri yana jawo tara.

In sun gama sakandare fa?

Jami'o'in gwamnati, irin su Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda da Ummul Ƙura ta Makka da Jami'ar Musulunci ta Madina, suna ɗaukar baƙi ta hanyar gurbin tallafi, kuma guraben ba su da yawa. Wanda ya yi manhajar Saudiyya zai rubuta jarrabawar Ƙudurat da Tahsili. Masu zaman kansu suna da tsada. Yawancinmu gida muke mai da su, shi ya sa tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare ya kamata ki fara tambayar inda zai rubuta jarrabawar da jami'o'in gida suka yarda da ita, da yadda zai yi JAMB. Babban ɗana yanzu yana jami'a a gida. Watan farko kullum sai ya kira yana ƙorafin wuta da ruwa da sauro, abokan ɗakinsa suna kiran sa Balarabe. Kwanan baya da na kira shi ce mini ya yi in yi sauri, suna layin wake da shinkafa.

Hutun ƙarshen shekara, mu zauna ko mu je gida?

Ku je in da hali, zafin Yuli da Agusta a Jidda ga shi da danshi, yara ba sa iya fita sai dare. Maigida zai fitar muku da bizar fita da dawowa ta manhajar Absher. Ki duba ranar ƙarewarta da idonki, ki duba ta igama da ta fasfon kowane yaro, ki rubuta su a takarda ki liƙa a jikin firiji. Ku sayi tikiti tun kafin lokacin Umrar azumi da Hajji ya ɗaga farashi, kuma ku dawo da mako guda kafin a buɗe makaranta, don Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, yaran da suka saba hira a tsakar gidan kaka har sha ɗayan dare ba sa tashi ƙarfe biyar da rabi cikin daɗin rai.